Tarakta Uku da Ishaya Ya Bari

A makon nan mijina Ishaya ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da na saba shi ne in je makabarta da safe, in cire ciyawa, in yi addu'a, in dawo gida. Bana sai 'yarmu Ladi ta kira ni a waya daga Jos, ta ce, "Mama, kin ƙare rayuwarki kina koya wa 'ya'yan mutane rubutu. Ki rubuta wani abu a kan Baba mana." Na ce mata na gaji. Ta ce in rubuta a hakan. To, ga shi na zauna.

Waɗanda suka daɗe a Samaru wataƙila za su tuna wani dogon dattijo mai shuɗiyar rigar aiki, yana tafe a gefen titi bisa wata 'yar tarakta da girmanta bai wuce na amalanke ba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. 'Yan makaranta kan tsaya su yi dariya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu kamar mai tuƙa tirela. Shi ne Ishaya. Lambunmu na Bomo yake zuwa.

Makanike ne. Duk shekarun aikinsa a garejin gonar bincike ya yi su, yana gyaran manyan taraktoci. Na ɗauka idan ya yi ritaya zai wanke hannu daga baƙin mai, mu huta. Ashe akwai abin da ya daɗe yana hange. Turawan da suka zauna a Samaru a da suna da wasu ƙananan taraktoci na yankan ciyawa da noman lambu a bayan gida. Da suka tafi suka bar su, tsatsa ta ci abinta. Ishaya ya san inda kowace take kwance.

Ta farko koriya ce. A bayan wani tsohon gidan ma'aikata ya same ta, gwaiba ta tsiro ta tsakanin tayoyinta har ta yi 'ya'ya. Ya jira aka yi gwanjo, ya saye ta, aka turo ta gida a amalanke. Lokacin ba mu daɗe da yi wa tsakar gida siminti ba. Kafin wata guda simintin ya koma baƙi. Daron da nake wanki da shi ya zama wurin jiƙa ƙarafa a kananzir. Wata rana na nemi rariyata ta gari na rasa, sai na tarar yana tace fetur da ita. Ta biyu ruwan ɗorawa ce, daga wata tsohuwar gonar mishan a kudancin Kaduna ya ɗauko ta. Ta uku ja ce, ita ce ƙarama a cikinsu, a ƙauyen Jama'a ya gano ta a gidan wani mutum, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerarta.

Kada in yi wa masu karatu ƙarya, ban taɓa son su ba. Ba abinci muke nema da su ba. Lambun bai fi ƙarfin mutum biyu da fartanya ba. Na sha tambayarsa amfanin wannan wahala, amsarsa kullum ɗaya ce: "Malama, ba su mutu ba. Ajiye su aka yi." Malama yake kirana, saboda koyarwa nake yi a firamare, ni kuma Baban Ladi nake ce masa.

Kayan gyaransu an daina yi ko'ina a duniya. Nan ne Emeka ya shigo rayuwarmu. Inyamuri ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ajina, yana da shago da injin sassaƙa ƙarfe. Ishaya kan zana abin da yake so a bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibaina, ya kai masa ranar Asabar. Su wuni suna gardama a kan awon da bai kai kaurin silin gashi ba. Ya dawo da yamma da ɗan ƙarfe a aljihu, yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Koriyar da mai ruwan ɗorawar duka suka tashi ta haka.

Yana cikin aikin jar ne ciwon ya same shi. Ya warware injinta gaba ɗaya, ya jera kayan a kan buhuna, kowane a inda ya dace, yadda zai san wanda ke bin wani. Da hantsi ne. Na fito daga kicin na gan shi zaune a ƙasa, sifana ta faɗi a gefensa, yana kallona yana motsa baki, ba abin da ke fita. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Muka yi makonni a can.

Wata rana a cikin makonnin nan na zo gida ɗaukar kaya, ga hadari ya taso, ga ƙarafa a shimfiɗe a tsakar gida. Na kwashe su duka, manya da ƙanana, na zuba a daro, na tura ƙarƙashin rumfa. Ban yi tunanin komai ba. Hankalina yana kan mutumin da na bari a gado.

Ranar da aka sallame mu, ɗanmu Iliya da wani maƙwabci suka riƙo shi suka shigo da shi. Ya tsaya ya dubi inda buhunan suke a da, ya dubi daron. Sai na ga hawaye suna zubo masa. Shekara talatin da wani abu muna tare, har iyayensa mun binne, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Daga nan ya juya wa bango fuska. Abinci sai da faɗa. Motsa jikin da likita ya ce a riƙa yi masa ya ƙi. Fasto ya zo, matan zumunta suka zo suka yi waƙa, ya rufe ido har suka tafi.

Emeka ya zo wata Lahadi bayan sujada. Ya shiga ya zauna da shi, ya fito, ya same ni a bakin murhu.

"Madam," ya ce, "ki fito masa da daron nan."

Na ce, "Haba Emeka. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

"Ai ke kina iyawa."

Na ce in dai don injin ne, ya kwashe ya kai shagonsa ya haɗa, a kawo masa ya gani ya ji daɗi.

Ya ce, "Sati biyu ya ishe ni in haɗa shi. To in na haɗa, me zai tashi yi da safe?"

Ya yi sallama ya tafi. Washegari na shimfiɗa buhuna, na jawo daron, na sa aka fito da Ishaya a kujera. Na ɗauki wani ƙarfe na ɗaga, na ce, "Baban Ladi, wannan ina ne wurinsa?" Ya dubi ƙarfen. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna.

Haka na zama hannunsa na dama. Ba na so in ƙawata watannin nan, don ba su yi daɗi ba. Maganarsa ta yi nauyi, kalma ɗaya ko biyu yake iya fitarwa, kuma wadda ta fi fita da kyau ita ce "Sake." In ɗaura noti, ya ce sake. In wanke kafireta, mai gauraya fetur da iska, in haɗa, ya miƙo hannu ya shafa, ya ce sake. Faratuna suka kakkarye, baƙin mai ya shige layukan tafin hannuna, har a coci nake ɓoye su a cikin gyale. Ga wanka da zan yi masa, ga girki, ga magani. Wata rana da la'asar, ya ce sake a karo na huɗu a kan abu ɗaya, na yi jifa da sifanar har ta bugi ƙofar bayi. Na faɗa masa maganganu. Na ce ƙarafan nan sun cinye mini tsakar gida, sun cinye masa lafiya, yanzu kuma ni suke so su cinye. Na ɗauki gyalena na fita.

Ban je ko'ina ba. Kasuwar Samaru na zagaya, ban sayi komai ba. Da na dawo na tarar ya jawo faifai kan cinyarsa, ya jera notuna da hannun hagu daga babba zuwa ƙarami, wasu sun zube ƙasa inda ba zai iya kaiwa ba. Ya ɗago kai, ya yi ta kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Malama, yi haƙuri da ni." Ita ce jimla ta farko cikakkiya da ya yi tun da ya kwanta. Na durƙusa na tsince na ƙasan. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Akwai ranar da na karya zoben fistin wajen sawa, ya ce ƙas a hannuna. Na naɗe fistin ɗin a tsohon ɗankwali, na sa a jaka, na hau bas zuwa Sabon Gari ni kaɗai. Emeka ya bi da ni shago shago a layin masu kayan gyara, 'yan kasuwa suna tambayarsa ko matar nan makanike ce, yana ce musu ta fi su. A ƙarshe a cikin wani mataccen injin ban ruwa muka sami wanda ya kusa, ya goge shi har ya zauna daidai.

Da igiya ake tayar da jar. Kwana uku ina ja, tana tari tana mutuwa. Rana ta huɗu na naɗa igiyar, na ja da haushi, sai ta kama. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna guɗa. Na juya in ga fuskarsa. Ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya yana saurare, ya ce, "Rage iska." Iyakar yabon da na samu ke nan. Na rage, muryar injin ta daidaita, sai ya lumshe ido.

Da ruwan farko ya sauka aka ɗauki tasi aka kai shi Bomo. Malam Sale, manomin da gonarsa ke jikin lambunmu, ya fito masa da kujera ƙarƙashin mangwaro. Ni na tuƙa jar daga Samaru, da wandon Ishaya a ƙarƙashin zanina, mace mai shekara sittin, duk wanda na wuce sai ya juyo. Na sauke garma na ja layi ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan. Da na waiga, layin ya karkace kamar sawun maciji. Malam Sale ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ishaya ma ya yi, da ɓarin bakinsa mai motsi. Na jira ya ce sake. Bai ce ba. Muka shuka masara a karkataccen layin nan da sauran da suka biyo bayansa. Tana goyo ciwon ya dawo masa, bai kwana uku ba ya rasu.

Yanzu nakan zauna in tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo Samaru ta yau. Kowane lungu ɗakunan haya ne na 'yan makaranta. Achaɓa ta cika titi, da ya fito da 'yar taraktarsa yau, ban san ko za su bar masa gefen hanya ba. Kowane shago da ƙaramin janareta yana kuka, in ya lalace sau biyu a jefar a sayi wani. Na taɓa kai rediyona gyara, matashin ya juya ta, ya ce, "Mama, sabuwa ta fi sauƙi." Gaskiya ya faɗa. Ishaya zai ƙi jin wannan gaskiyar, zai karɓe rediyon ya zo gida ya ɓata sati a kanta. Da ina ganin wannan taurin kai ne kawai. Yanzu ban tabbata ba.

Lambun ma babu shi. Iliya ya rasa aikinsa a Kaduna, ya dawo da mata da 'ya'ya uku. Ya ce a gina ɗakuna a wurin, kamar yadda kowa ke yi a Bomo. Na ƙi har shekara uku. Daga baya na dubi jikokina na sa hannu. Ba na ganin laifinsa. An sare mangwaron, inda muka shuka masara yanzu layin ɗakuna ne da igiyar shanya. Da ɗakunan ake ciyar da gidan nan, har da ni.

Taraktocin kuwa a hannuna suka lalace, kuma wannan shi ne abin da ya fi mini nauyin rubutawa. Shekarar da Ladi ta haihu na tafi Jos na yi watanni. Iska ta yaye rumfar, ruwan damina ya sauka a kan koriyar ya shige injinta. Emeka ya zo ya duba, ya girgiza kai. A lokacin idanunsa sun fara mutuwa, ba ya ganin awo. Ba a daɗe ba ya sayar da injinsa, 'ya'yansa suka mai da shi garin iyayensa, inda shi kansa baƙo ne. Shagonsa yanzu katin waya ake sayarwa a ciki. Da babu mai sassaƙa mini ƙarfe, duk abin da ya lalace a jar sai in ciro daga mai ruwan ɗorawar, har ta zama ƙwarangwal. Wata rana 'yan gwangwan suka zo, Iliya ya yi magana da su, na ce su ɗauki koriyar da mai ruwan ɗorawar. Ban san a ƙofar gida za su farfasa su da guduma ba, don su shiga amalanke. Na shige ɗaki na rufe taga. Ƙarar ta biyo ni.

Jar ce ta rage. Kowace Asabar nakan tayar da ita, in bar ta ta yi ɗumi, in kashe. Babu inda za ta, babu abin da za ta nome. Bara kafaɗata ta ƙi. Na naɗa igiyar na ja, na ji zafi har wuya, na zauna a kan tayarta ina haki. Ta yi wata huɗu ba a taɓa ta ba.

A nan ne wani mutum daga Abuja ya ji labarinta. Yana da otal, yana so ya yi mata sabon fenti ya ajiye ta a gaban ginin, a dasa furanni kewaye da ita. Iliya ya zo mini da zancen yana murna. Ya ce, "Mama, za a adana ta, ba ruwa ba rana. Kowa zai gani. Me Baba zai so da ya fi wannan?" Na tambaye shi ko za a riƙa tayar da ita. Ya ce za a cire injin ne ma, don kada mai ya ɓata musu daɓe.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Sai Malam Sale ya zo gaisuwa, kamar yadda ya saba duk shekara. Ya tsufa shi ma. Gonarsa ta tudu ta tafi yadda tamu ta tafi, saura fadama a bakin ruwa, inda yake noman lambu da iyalinsa. Na kai shi ƙarƙashin rumfa na yaye tampol.

Ya ce, "Maman Ladi, ni ba ni da abin sayen tarakta."

Na ce ba sayarwa nake yi ba. Na nuna masa yadda ake naɗa igiyar, da inda ake duba mai, da sukurun iska. Ya ja sau biyu ta kama.

Iliya ya yi makonni ba ya shiga ɗakina sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Yana da hujja, gidan yana da buƙata. Har yau ban ce masa ni ce mai gaskiya ba, don ban sani ba.

Shekaranjiya, bayan na dawo daga makabarta, na hau achaɓa na tafi fadamar. Tun daga nesa na ji ta. Da na matso sai na ga yadda ta koma. Jan fentin da muka shafa ya kusa ƙarewa, laka har sitiyari. Kujerar ta karye, sun ɗaura katako a wurinta. Salansa da waya aka ɗaure ta. Da Ishaya ne ya ga haka, na san sai ya yi kwana biyu bai yi wa Malam Sale magana ba. Na kuma san a rana ta uku zai zo ya tsuguna, ya tambaya kadada nawa ta yi a makon.

Malam Sale ya kashe ta ya taho yana share gumi. Ya ce ba shi kaɗai ke amfani da ita ba, mutum biyar ne a fadamar suke karɓa bi da bi, har da wata gwauruwa da da can sai ta jira an gama wa kowa kafin a yi mata huɗa.

"Ki hau ki ja layi ɗaya mana," ya ce.

Na ce gwiwa ba za ta bari ba. Na zauna a kan kunya na kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki da ita har rana ta yi zafi.

Ba za ta daɗe ba, wannan na sani. Wata rana wani abu zai karye a cikinta wanda babu mai sassaƙa shi, su tura ta gindin bishiya. Ishaya bai bar gini da sunansa ba, bai bar almajiran sana'a ba, jikokinsa ƙanana ba su san muryarsa ba. Mutum ne da ya ga abin da kowa ya yar, ya ce da saura, ya kuma ba shi lokacinsa. Da jikinsa ya zama irin abin nan, ya koya mini in yi masa haka, ina yi ina ƙorafi. Iyakar abin da zan iya shaida ke nan, kuma na ga ya ishe ni.

Da zan tafi Malam Sale ya cika mini leda da alayyafo da tumatir da albasa, na ƙi, ya rataya a hannun achaɓar. Na zo gida na yi miya. Na zuba a kwano na aika wa Iliya ɗakinsa. Can sai ga shi da kwanon a hannu, ya zauna a bakin ƙofata yana ci. Ya tambaye ni a ina na sami tumatir mai daɗi haka.

Na gaya masa. Ya ci gaba da ci.